Ka sayi tufa ka tarar da aibi: yaushe kake da haƙƙin maidawa, yaushe ba ka da shi?



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wata dattijuwa ce daga wani ƙauye na nan kusa ta aiko mana saƙon murya ta wayar jikanta, ana saura kwana 9 ƙaramar Sallah. Ɗanta da ke Abijan ya turo mata kuɗin kayan Sallah. Ranar kasuwa ta je ta sayi turmi biyu na atamfa iri ɗaya, jika 8 kowane, ɗaya nata ɗaya na surukarta. Mai kaya ya buɗe mata bakin turmin kawai, ta ga fes, ta biya. Sai da tela ya sa almakashi a na farko, ya kai tsakiya, ya ga layi ya koɗe tun daga sama har ƙasa, ga ƴan ƙananan huji jere a kan ninkin. Aka warware na biyu, shi ma haka.

Da kasuwa ta zagayo ta koma da su. Ta ce masa, “Ɗana, dubi abin da ka ba ni.” Shi kuma ya ce, “Inna, ciniki ya riga ya faɗa. Ni ma haka anka kawo mini su, kuma wanga an yanka shi, wa za ya saye shi?” Tambayar da ta yi mana ita ce: shin kuɗin ɗanta sun tafi ke nan?

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba su tafi ba. Wanda ya sayi tufa ya tarar da aibin da ke jikinta tun kafin ya biya, kuma aibin ɓoyayye ne, yana da haƙƙi a dokar ƙasa, yana da shi a shari'ar Musulunci. Amma haƙƙin nan yana da iyaka, kuma mutum na iya zubar da shi da hannunsa bai sani ba. Shi za mu warware yau.

Ba kowane ƙorafi ne aibi ba

Mu fara raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa.

Na farko, ɓoyayyen aibi. Shi ne wanda yake jikin kaya tun a shago, amma mai saye ba zai gan shi da duban da aka saba yi ba. Misali hujin asu ko cin gara a tsakiyar turmi, layin da rana ta koɗar a kan ninki, zanen da ya zube kalarsa a wankin farko har ya ɓata sauran kaya, yadin da ya ruɓe saboda daɗewa a ajiye sai ka ja shi ya kece, ko rigar yaro da ɗinkin hammata ya warware ranar da aka fara sa ta. A nan ne kuma za mu sa kayan da ba su ne aka ce maka ba: an ce shadda ta asali ce, aka karɓi kuɗin ta asali, da aka wanke ta sheƙin ya tafi ta koma ba ita ba. Haka turmin da aka ce yadi 6 ne, tela ya gwada ya sami 5 da rabi.

Na biyu, aibin fili. Tabo ne a gaban riga kowa na gani, ko mai kaya da bakinsa ya ce maka, “ka ga nan ya ɗan kece, shi ya sa na rage maka.” In ka gani ka yarda ka biya, ba ka da ta cewa daga baya. Ragin da aka yi maka shi ne kuɗin aibin.

Na uku, sauya ra'ayi. Ka kai gida uwargida ta ce kalar ba ta yi mata ba, ko ka ga irinsa da araha a wata rumfa, ko rigar ta yi wa yaro kaɗan alhali kai ka zaɓi girman. Wannan ba laifin mai kaya ba ne. In ya karɓa ya yi maka alheri, in ya ƙi bai zalunce ka ba.

Rigimar kasuwa da yawa daga nan take tasowa: mai saye yana ta da murya a kan na uku kamar na farko ne, ko mai kaya yana ɗaukar na farko kamar na uku ne.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Nijar tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga watan Mayu 2015, wadda ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare masu saye. Bayanta aka yi doka mai lamba 2019-50 ta ranar 30 ga Oktoba 2019, wadda ta fayyace laifuffukan da ake yi wa masu saye da hukuncinsu. Manufar dokokin nan biyu ita ce mai saye ya sami bayani na gaskiya a kan abin da yake saye, kada a yaudare shi, kuma in an cuce shi ya sami inda zai kai kuka.

Amma maganar maida kaya mai aibi ta girmi dokokin nan nesa ba kusa ba. Tana cikin kundin dokokin hulɗar jama'a, wanda da Faransanci ake kira Code civil, daga aya ta 1641 zuwa gaba. Ga abin da ke ciki da Hausa mai sauƙi.

Mai sayarwa shi ke da alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin amfanin da aka saye su dominsa, ko ya rage amfanin har ta kai da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗin ba. Alhakin yana kansa ko da shi ma bai san da aibin ba. Wato cewa “haka aka kawo mini” ba ta wanke shi. Aibin fili kuwa, wanda mai saye zai iya gani da kansa, doka ta ce ba ruwan mai sayarwa.

In aibin ya tabbata, zaɓi yana hannun mai saye, ba hannun mai kaya ba. Ko ya maida kaya a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe kaya a rage masa wani abu daga cikin kuɗin, gwargwadon yadda masana kayan suka kimanta. In kuma ta bayyana mai kaya ya san da aibin ya ɓoye, to bayan maida kuɗi zai biya asarar da ya jawo.

Sai sharaɗi mai muhimmanci: doka ta ce a ta da maganar cikin ɗan gajeren lokaci, gwargwadon irin aibin da al'adar wurin da aka yi cinikin. A wurinmu da kasuwa ke ci mako-mako, shawararmu kada ka bari kasuwa ta zagayo ta wuce ba ka koma ba. In kana da lambar mai kayan, kira shi ranar da ka ga aibin.

Abin da malamai suka karantar

Mun san yawancin rigimarmu ba ta kai kotu. Gaban liman, ko mai gari, ko dattawan kasuwa take ƙarewa. To a nan ma maganar a fili take, don littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayaninta, har da misalin tufa.

Da farko mai kayan can yana da gaskiya ta gefe ɗaya. A Malikiyya, da zarar an yi “na saya, na sayar”, ciniki ya ƙullu ko ba a tashi daga wurin ba. Mutum ba zai warware shi don kawai ya sake tunani ba. Amma malamai sun ce ciniki ana ƙulla shi ne a kan kaya lafiyayyu. In aibin da ya riga ciniki ya bayyana, mai saye yana da zaɓi: ya riƙe ko ya maida ya karɓi kuɗinsa.

To in an riga an yanka fa, kamar turmin Inna? Imamu Malik ya yi magana a kan wannan mas'ala a cikin Muwaɗɗa, fiye da shekara 1200 da suka wuce, ya kuma raba ta biyu. In mai kaya ya san da aibin ya ɓoye, aka sami shaida ko shi da kansa ya amsa, mai saye zai maida masa tufar ko da ya yanka ta, ba zai biya komai na yankan ba. In kuwa mai kaya bai sani ba, mai saye zai zaɓa: ko ya riƙe tufar a rage masa kuɗi daidai aibin, ko ya maida ta ya biya abin da yankan ya rage mata.

Yadda ake lissafin ragin shi ne a nemi waɗanda suka san kayan su yi kima biyu. Mu ce ka sayi shadda jika 18. Masana suka ce lafiyayyarta ta kai jika 20, da wannan aibin kuma jika 15. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. To sai a cire kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka biya, wato a maido maka jika 4 da rabi. Ba da ƙarfin murya ake yankewa ba, da kima ake yi.

Malamai sun kuma yi gargaɗin da ya zo daidai da na doka. In ka ga aibi ka ci gaba da sa rigar, ka je biki da ita, ka je Juma'a da ita, an ɗauka ka yarda, haƙƙinka ya faɗi. Haka in ka yi shiru kwana da kwanaki ba tare da uzuri ba.

Ga mai sauya ra'ayi kuma akwai ƙofa biyu. Ta farko, ka gindaya sharaɗi tun wurin ciniki: “Alhaji, zan kai gida a gani, in bai yi ba in maido.” In ya yarda, sharaɗin ya inganta, kuma ga tufa malamai sun kimanta kamar kwana 3, ba tare da an sa ta an yi yawo ba. Ta biyu ita ce abin da suke kira iƙala, wato ka roƙi mai kaya ya warware cinikin don Allah. Ba dole ba ne a kansa, amma abu ne mai lada.

“In ka saya ba a maidowa”

A wasu shagunan Madawa, Ƙonni da Maraɗi za ka ga an rubuta a allo ko a ƙasan takardar saye cewa kayan da aka saya ba a maidowa ba a canzawa. Wasu kuma da baki suke faɗi. Shin wannan ta rufe magana?

Tana aiki a kan mai sauya ra'ayi, wannan babu gardama. Amma ba ta zama mafakar wanda ya san kayansa da aibi ya yi shiru ba. A dokar ƙasa, sharaɗin cewa babu lamuni yana iya kare mai kayan da shi ma bai san da aibin ba, in dai an yi sharaɗin a fili kun amince tun wurin ciniki. Wanda ya sani ya ɓoye, ba allon da zai kare shi. A fikihun Malikiyya ma malamai sun ce mai kaya ba zai ce a dunƙule “ba ruwana da duk abin da ka gani” ya kuɓuta ba. Aibin da ya sani, sai ya ambace shi ya nuna shi.

Kayan gwanjo kuma fa? Wanda ya sayi gwanjo ya san an taɓa sa shi, don haka ɗan koɗewa ko laushin yadi ba abin ƙorafi ba ne, yana cikin kuɗin. Amma in an ninke riga an ɓoye ƙunar dutsen guga a baya, ko an sayar maka da gwanjo da sunan sabo, maganar ta koma yaudara.

Kafin kuɗi su bar hannunka

Haƙƙi yana da daɗi, amma bin sa yana cin kuɗin mota da yini guda. Abin da ya fi sauƙi shi ne duba kaya da kyau.

A warware turmi gaba ɗaya, ba bakinsa kawai ba. Mai kayan da ya ƙi a warware, a tambaye shi dalili. A fito da shi haske, a ɗaga shi sama ta wajen rana, huji ko sirantar zare za su nuna. A duba kan ninki, don nan rana da ƙura ke fara ci.

A gwada tsawo a gabanka, kuma a tabbatar da wane awo ake magana. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan ɗori. Turmin atamfa mai yadi 6 bai cika mita 5 da rabi ba sosai. In ka yi cinikin shadda mita 10 aka auna maka yadi 10, an rage maka kusan mita guda, kuma wannan ya isa ya hana wando fita. Kayan da ke fitowa daga Kantin Kwari na Kano galibi da yadi ake lissafinsu, telolinmu kuma da yawa da mita suke aiki, don haka a riƙa tambaya.

Don gane mai zuba, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen zanen, in mai kaya ya yarda. In kala ta kama ƙyallen sosai, ka san abin da wanki zai yi. Ga ɗinkakkun kaya, a juya cikinsu a ja ɗinkin kaɗan, a gwada zif, a ƙirga maɓallai.

Sannan a nemi shaida. A babban shago, ka nemi takardar saye mai kwanan wata da kuɗin da sunan kayan. A rumfar kasuwa inda ba takarda, ka tafi da wani, ko ka sa maƙwabcin rumfa ya ji cinikin. Ɗaukar hoton kayan a rumfar da waya ma shaida ce. Kada a cire takardar da ke manne a jikin turmi sai an gama dubawa a gida. Kuma a roƙi tela ya warware yadi duka ya duba kafin ya sa almakashi. Da telan Inna ya yi haka, da turmi biyun duka lafiya lau za a maida su.

In aibin ya riga ya bayyana

Mataki na farko, a dakata. Kada a sa, kada a ƙara wankewa, kada a ci gaba da yanka. A ɗauki hoto, a nuna wa mutum biyu. In tela ne ya gani, shi ne babban shaidarka.

Na biyu, a koma wurin mai kaya da wuri, kuma a fara da lalama. Ka ja shi gefe, kada ka tara masa jama'a a gaban masu ciniki, don wanda aka kunyata a bainar jama'a da wuya ya sauko. Ka san abin da kake nema tun daga gida: canji, ko kuɗinka, ko ragi.

Na uku, in ya ƙi, a je wurin sarkin kasuwa ko shugaban ƴan kasuwar layin. Su suka san kaya, su za su iya yin kimar da muka faɗa, kuma ɗan kasuwa yana jin nauyinsu. In dillali ne ya haɗa ku, a nemo shi, don la'adar da ya ci tana da nauyi a kansa.

Na huɗu, mai gari ko fadar sarki. Dokar sarautun gargajiya ta ranar 13 ga Janairu 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane. In an sasanta, a nemi a rubuta, kowa ya riƙe tasa takardar.

Na biyar, in kuɗin masu yawa ne, kamar kayan lefe ko sarin da aka yi don sayarwa, kotu tana nan. Yaudarar da ta zama sana'a kuma, irin mai sayar da jabu da sunan na asali, ana iya kai ƙararsa ofishin ma'aikatar kasuwanci na jihar Tawa, ko a sanar da ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC Wadata.

Wani abu kuma: a bambanta laifin mai kaya da na tela. In yadin lafiya lau ne tela ya ƙona shi da guga, ko ya ɓatar da shi, ba mai shago za a bi ba. A Malikiyya mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamuninsu.

Ga ƴan uwanmu na ci-rani

Ku da ke Abijan, Legas, Kano, Akara, Kwatano, Libiya ko Turai, yawancin kayan Sallah da na aure da guminku ake sayensu. Ga abubuwa uku.

Na ɗaya, ciniki ta WhatsApp. Ana turo maka hoto, ka zaɓa, ka tura kuɗi, a kai wa iyali. Malamai sun halatta sayen abin da ba ya gabanka in an siffanta shi, kuma in ya zo ba yadda aka siffanta ba, kana da zaɓin maidawa. Don haka kada ka goge hoton da saƙon muryar da mai kaya ya faɗi iri, tsawo da kuɗi. Ka ajiye takardar tura kuɗin. Kuma ka gaya wa na gida su warware su duba ranar da kaya suka iso, ba daren Sallah ba.

Na biyu, in a can ka saya za ka aiko, a can haƙƙinka yake. Ka duba kafin ka ba direba, don da zarar kaya sun yi kwanaki a hanya, mai shago zai ce a mota suka lalace. A Najeriya dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar maida kayan da ba su da inganci cikin wata 3, kuma hukumar FCCPC ke kula da ita. A Faransa sabon kaya yana da lamunin doka na shekara 2, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 na fasa ciniki ko ba aibi. A Ingila mai saye yana da kwana 30 na maida kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa cif.

Na uku, kada ku ɗauki dokar can ku ɗora wa mai rumfa a Tunfafi ko Galmi. Mukan ji ɗan ci-rani ya bugo waya yana faɗa, wai a inda yake ko kala ce ba ta yi maka ba kana maidawa. Wannan galibi tsarin manyan kantuna ne ko dokar cinikin intanet. A nan gida, haƙƙin da ke tabbatacce shi ne na aibi da na kayan da suka saɓa wa siffa.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi gaskiyar ɗaya gefen. Mai rumfar atamfa ribarsa a turmi ba ta da yawa, wani ma bashi ya ɗauko kayan daga uban gidansa. Kuma akwai masu saye marasa tsoron Allah: a sa riga a je suna, a dawo da ita da ƙanshin turare a ce ta yi kaɗan. Akwai mai jiƙa zane da sabulu mai ƙarfi ya shanya a rana yini biyu, sannan ya ce ya koɗe. Wannan ma cuta ce.

Shawararmu ga ƴan kasuwa ita ce ku ma ku duba kaya ranar da kuka saro. Tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa a cikin ƙasashen OHADA, waɗanda Nijar ke cikinsu, doka ta ba wanda ya sari kaya wata ɗaya daga ranar da aka damƙa masa su ya sanar da aibin da ke bayyane. Wanda ya saro a Maraɗi ko Yamai yana da wannan dama. Najeriya ba ta cikin OHADA, don haka mai saro kaya a Kano ya yi magana da uban gidansa tun farko a kan abin da za a yi in an sami mai aibi. Turmin da ka san ya taɓu, ka ware shi gefe, ka faɗi aibinsa, ka rage kuɗi. Akwai mai buƙatarsa a haka. A kasuwar da kowa ya san kowa, labarin turmi ɗaya da aka ɓoye aibinsa yana riga ka isa ƙauye bakwai.

Yadda ta ƙare da Inna

Mun ba ta shawara ta koma tare da telan da wani dattijon unguwarsu, su wuce wurin sarkin kasuwa. Aka kira mai kayan, aka warware turmi biyun a gabansa. Ya rantse bai san da aibin ba, maƙwabtansa kuma suka shaide shi ba mai ha'inci ba ne. Da aka buɗe sauran irin atamfar da ke rumfarsa, aka sami ƙarin turmi ɗaya mai irin wannan layin, shi kansa ya riƙe baki.

Turmin da ba a yanka ba ya canza mata da wani. Wanda aka yanka, ƴan layin suka kimanta aibin ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, ya maido mata jika 2, tela kuma ya kauce wa layin ya fitar da riga da zane, ɗankwali ne kawai bai samu ba. Ta ce a gaya wa ɗanta a Abijan ya kwantar da hankalinsa, an yi Sallah da sabon kaya.

Wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, mai saye ne ko mai sayarwa ko tela, ya aiko mana saƙo kamar yadda aka saba, ba sai ya ambaci sunan kowa ba. Za mu karanta su a shirinmu na gaba, inda za mu duba rigimar tela da masu ɗinki: kuɗin kafin alƙalami, saɓa alkawari, da ragowar yadi na wane ne. Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna.